Sunan Da Taibatu Ta Ƙi Kira

SHAFI NA 11

Da sunan Allah.

Ku masu turo mini saƙo tun ban sha kunun safe ba, "Baba a ƙara, Baba ka yi shiru," to ga shi nan. Amma ba don nishaɗinku kaɗai nake wahalar da idona a kan wayar nan ba. Laifin da za a kama a shafin yau raina jini ne. Mutum ya ƙoshi, ya sa babbar riga, ya dubi ɗan'uwansa da wahala ta koɗar, ya ce bai san shi ba. Mai irin wannan hali ya gyara zama, da shi nake.

Hantsi ya ɗaga, tsakar gidan marigayi Malam Safa a Talata Mafara ta cika. Maza a tabarmi ƙarƙashin dogon yaro, mata sun jeru a gindin katanga. Hindu tana can ƙarshe, a bakin ƙofar ɗakin da ake son fitar da ita daga cikinsa.

Tun da 'yan bindiga suka tashe su daga Gidan Goga take cikin ɗakin nan, ita da Na'ima matar ɗanta marigayi, da jikoki. Maganarta guda ce ba ta canza ba: nan gidan kakanta ne, ubanta marigayi Labaran ɗan Malam Safa ne.

Magaji ɗan Umaru, wanda gidan ke hannunsa, ya ce bai san wannan zance ba. Yana ƙarami ubansa ya rasu, a makarantar kwana ya girma can Kaduna, ya dawo da mota da kwangila. A saninsa ɗa namiji guda Malam Safa ya haifa da matarsa Taibatu, shi ne Umaru. Labaran kuwa wani ɗan raɓe ne daga ƙauyen Dakko mai zuwa jefi-jefi, shi ya sa ma a unguwa ake ce masa Ɗan Dakko.

Rawanin mai unguwa Magaji ke nema, don a gidan nan rawanin yake, kuma babban ɗaki, wato zuriyar babban ɗa, ake naɗawa. Sashen da Hindu take ciki nan yake son rushewa ya gina zauren baƙi. Ya ce yau za a yi ta ta ƙare. In ya tabbatar a gaban dangi cewa Labaran ba jinin gidan ba ne, kafin la'asar ta kwashe jikokinta ta koma makarantar da aka zuba 'yan gudun hijira.

Hindu ta san makarantar nan. Ta zauna cikinta kafin ta zo nan. Aji guda, gidaje barkatai a ciki, yara na tari, ba ƙofa. Na'ima tun da safe ta ƙulle tsummokaransu a zane tana kuka. Hindu ta gan ta, ba ta ce ta ƙulle ba, ba ta ce ta kwance ba.

Malam Altine, limamin unguwa, ya yi addu'a aka shafa. Magaji ya miƙe, farar shadda tana ƙara, waya biyu a hannu.

"Allah gafarta Malam, dattawa, iyaye mata. Ni ba na aiki da ka-ce-na-ce. Bincike na yi. Na je sakatariyar Mafara, na je ta Bakura, har Maradun na taka, ina neman takardar haihuwar mutumin nan Labaran."

"Ka samo?" in ji Malam Altine.

"Sun ce a lokacin ba a rubutawa."

"Da ka tambaye ni ai da na hutasshe ka. Ni nan da kake gani, shekarar fara anka ce an haihe ni. Har yau ban san wace farar ba."

Aka yi dariya. Magaji bai yi ba.

"Shi ya sa ban tsaya nan ba. Na shiga har Dakko, na samo wadda ta ga abin da idonta. Ku shigo da ita."

Aka shigo da wata tsohuwa, an riƙe ta hagu da dama, ta rankwafa har sandarta ta fi ta tsawo.

Hindu ta ƙura mata ido.

Dada ce. Ɗiyar wan Taibatu, wadda suka tashi gida ɗaya da uban Hindu a Dakko. Hindu ta ɗauka ƙasa ta daɗe da rufe ta. Ta ja mayafinta ta gyara zama.

"Dada, an zo lahiya?" in ji Malam Altine.

"Lahiya lau, Liman."

"Ƙaƙa mutanen Dakko?"

"Suna lahiya, suna gaisuwa."

"Ƙaƙa ruwa?"

"Ruwa sun yi gyara."

"Ƙaƙa ƙarfin jiki?"

"Da godiya. Ƙahwahu dai sun ce sun gama aikinsu."

Magaji yana ta duba agogo. Da aka ƙare gaisuwa ya ɗaga hannu.

"Kafin ta fara, ina son a yi shaida. Tsohuwar nan ta haura tasa'in, ba ta da abin da za ta ci a ƙarya. Duk abin da ta faɗa na yarda, kuma kowa ya yarda. Baiwar Allah, kin ji?"

Da Hindu yake. Ko sunanta ba ya kamawa.

"Na ji," ta ce. "Na yarda."

"Liman, ka shaida."

"Na shaida."

Magaji ya sunkuya wajen kunnen tsohuwa.

"Dada, ina aka haifi Labaran?"

"Mi?"

"Labaran! Ina aka haife shi?"

"Af, Dakko mana. Gidanmu. Ɗakin da ke bayan rumbu, nan anka bizne cibiyatai. Ni ma nan ina cikin masu jido itacen..."

"Ya isa, Dada, ya isa." Ya juyo wajen jama'a yana murmushi. "Kun ji ko? Dakko. Ba Mafara ba. Mahaifina kuwa ga ɗakin da aka haife shi can, kowa ya sani. To ɗan gida a gida ake haihuwarsa ko a ƙauye?"

Samarin da ke bayansa suka gyaɗa kai. Can gindin katanga wata tsohuwa ta yi tari.

"Na biyu. Dada, kin taɓa jin Kaka Taibatu ta kira sunan Labaran?"

"Ko sau guda. Har ta koma ga Allah."

"In ya zo gidan nan fa?"

"In ya shigo ta ƙohwa sai ta ba shi baya. In ya duƙa gaisuwa, bango take amsa mawa."

"Ta taɓa cin abinci da shi?"

"Subhanallahi! Ina!"

"Madalla. Liman, kai a zauren gidan nan ka yi karatu, ka san Kaka. An yi wani mahauci a bakin kasuwa mai suna Labaran?"

"An yi shi."

"Me take ce masa?"

Malam Altine ya shafa gemu, ya dubi ƙasa.

"Mai nama take ce mai. In an matsa mata, ta ce mai sunan wancan."

"Kun ji!" Magaji ya tafa hannu. "Tsabar ƙin da take wa sunan, har mahaucin da bai ci mata komai ba ya shafa! Wannan ita ce uwa?"

Wata mata ta sa bakin mayafi ta toshe baki. Kafaɗunta suna rawa.

Hindu kuwa ba dariya take ji ba. Ubanta ya sha zuwa Mafara ya koma, bai taɓa cewa an wulaƙanta shi ba. In ya dawo sai ya zauna bakin rumbu ya yi ta murmushi shi kaɗai. Suna yara suna mamaki. Yau ta gane.

"Na uku," in ji Magaji. "Dada, mahaifina fa? Umaru?"

"Umaru? Kai! Ai har ya yi wayo shina bisa bayanta. Da shi take zuwa kasuwa, da shi take zuwa biki. Umaru zo, Umaru tahi, Umaru ka ci? Akushi guda suke sa hannu. Har maƙwabta sun gaji da jin sunan."

Magaji ya buɗe hannuwa kamar mai wa'azi.

"To jama'a, me ya rage? Haka uwa ke yi wa ɗanta. Ɗanta na fari, kuma tilo."

Nan fa dariyar da ake dannewa ta ƙwace. Daga gindin katanga ta faro, tsofaffin mata suna dukan cinya, wata har da share hawaye. Cikin dattawan maza ma wasu suka sunkuyar da kai, rawunansu na girgiza.

Magaji ya ɗauka da Hindu ake. Shi ma ya taya su.

"A'a, a daina mata dariya, ba kyau. Baiwar Allah, kin dai ji da kunnenki. Ni ba na son tozarta kowa. Akwai mota a waje, za a kai ku har ƙofar makarantar, kyauta."

Hindu ta dafa ƙasa ta miƙe. Doguwa ce, wahala ta rage mata nama amma ba ta tanƙwara ta ba. Ta taka a hankali har tsakiyar fili.

"Allah gafarta Malam, a ba ni baki?"

"Bismillah, Hindu."

"Magaji ƙanena..."

"Ni ba ƙanenki ba ne."

"To, Alhaji. Sannu da hanya. Ka sha rana, ka ƙona mai, ka shiga inda ni ƙahwata ba ta kai ni. Allah shi biya ka."

"Ba godiya na tambaye ki ba. In kina da hujja ki kawo."

"Ina da tambaya dai. Na'ima, taso."

Na'ima ta taso da goyo a bayanta, idanu sun kumbura.

"Tun ran da anka kawo ki gidana amarya, kin taɓa jin na kira sunan mijinki?"

"A'a, Inna."

"Mi nike ce mai?"

"Wancan. Ko ki ce baban yaran ga."

"In ya shigo gaishe ni da sahe?"

"Sai ki kama tsintsiya, ko ki ce kina da aiki bayan ɗaki."



"Ran da mutanen daji sunka tare shi gona," muryar Hindu ba ta yi rawa ba, "anka kawo shi bisa amalanke an ruhe shi da zane, mata na kururuwa, ke kina kiran sunanai kina faɗuwa. Ni kin ji na kira?"

Na'ima ta fashe da kuka.

"Ba ki kira ba, Inna. Ɗaki kinka shiga kinka ja ƙohwa. Ni kaɗai na san ba ki sa komi bakinki ba har anka share makoki."

Hindu ta juyo ta dubi Magaji ido cikin ido.

"To Alhaji mai bincike, hwaɗa min. Ba ni na haihe shi ba?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Ɗan fari na," ta ce. "Mu ba mu kiran sunan ɗan fari. Ba mu kallonai cikin mutane, ba mu ci da shi. Kunya ta. Haka uwata ta yi min, haka tata uwar ta yi. Sunan ɗana shina nan cikin ƙirjina, da shi za a bizne ni, bakina bai taɓa shi ba. Wanda duk kag ga mace ta ƙi kiran sunanai har ga mahaucin kasuwa, to ba ƙi ba na. Ya hi kowa zama cikin ranta."

"Wannan al'adar na san ta!" Magaji ya ɗaga murya. "Wa bai san kunyar ɗan fari ba? Amma mahaifina ne ɗan fari!"

Tsohuwar nan mai tari ta kasa haƙuri.

"Ɗan fari bisa baya har kasuwa? A wancan zamani? Akushi guda? Yaro, da garin ga ya yi da ita har ta shiga kabari! Da ko rijiya ba ta iya zuwa!"

Aka sake kwashewa da dariya. Wannan karon Magaji ya gane da wa ake.

Gaskiya ce, ya san al'adar, a baki. Amma ya fita bincike da amsarsa ƙulle a aljihu, abin da zai ƙara mata nauyi kawai yake tsinta. Shi da yake ɗora nasa ɗan farin a gaban mota yana kiran sunansa a gidan mai, ina zai tuna?

Hindu ba ta yi dariya ba. Ta juya wajen mata.

"Iyayena, 'yan'uwana, ku hwaɗa mai. Mace in ta yi cikin fari, ina take haihuwa?"

"Gida!" suka amsa baki ɗaya.

"Gidan wa?"

"Gidan iyayenta! Goyon ciki!"

"Na biyu fa?"

"Ɗakinta!"

"To gidan su Kaka Taibatu ina na?"

Duk ido ya koma kan tsohuwar da aka ɗauko daga Dakko.

Zufa ta keto wa Magaji ta ƙarƙashin hula.

"Zato ne! Duk zato ne! Ko ɗan raɓe ana iya haihuwarsa a Dakko, ana iya ƙin kiran sunansa. Ina wanda ya gani? Ni hujja nake so, ba guɗar mata ba!"

"Kana da gaskiya," in ji Hindu.

Ta je gaban Dada ta durƙusa har ƙasa, ta kama hannunta.

"Dada, ni ta, Hindu. Ta Gidan Goga."

Tsohuwa ta kai hannu ta shafa fuskarta, ta shafa goshi, ta shafa hanci.

"La ilaha illallahu. Hindu? Ga goshin Labaran nan kuwa. Ashe kina duniya? Anka ce an tashe ku."

"An tashe mu, Dada, amma muna nan. Ɗazu kin ɗauko zancen itace anka tare ki. Itacen mi?"

"Yauwa, ɗiyar albarka! Tun Dakko nike son in ƙarasa zancen ga. Da na ɗauko sai yaron ga shi danne wayatai shi ce ya isa, ya isa. Shi kullum sauri shike, awa wanda ya bar tuwo bisa wuta."

"Yau ba mai tare ki. Itacen mi?"

"Itacen wankan jego mana. Mu 'yan matan gida mu munka yi ta jido shi daga daji, har wuyana ya sanƙare."

"Jegon wa?"

Dada ta dube ta kamar ta yi tambayar wauta.

"Jegon wa kuwa? Gwaggona Taibatu! Da cikinta anka kawo ta bisa jaki daga nan Mahwara. Ina tsaye bakin ƙohwa anka hito da shi, jawur. Ran suna Malam Safa ya zo da ragonai, shi ma ko kallon jaririn bai yi ba, kai ƙasa, awa wanda anka kama cikin gonar mutane. Da anka yaye shi kakanni sunka riƙe abinsu, don ɗan fari nasu na. Da ya tasa, babana yat tahi da shi Gidan Goga noma. Ita ko ba ta iya cewa ɗana, ba ta iya cewa Labaran, sai ta ce Ɗan Dakko. Ku kuma kunka ɗauka."

Salati ya tashi ko'ina.

Wayar hannun hagun Magaji ta suɓuce ta faɗi a tabarma. Bai ɗauka ba.

"Dada," in ji Magaji, "me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ka tambaye ni? Ina anka haihe shi, kac ce. Ta kira sunanai, kac ce. Wa ya haihe shi, ba ka ce ba. Ni na ɗauka ka sani. Wane irin ɗa na bai san wan ubanai ba?"

Ta juya ta bar shi tsaye, ta ci gaba da Hindu, don tsohuwa in ta sami mai saurare ba ta tsayawa.

"Ke ba ki san wagga ba. Shekarar agana, ciwon ya kama babanki, shina yaro, munka hidda rai. Sai ga Gwaggo da rana tsaka, tun daga Mahwara da ƙahwa, ba jaki ba ɗan rakiya, tahin ƙahwarta dut ya tsage. Anka ce lahiya? Tac ce ta zo duba Inna ta. Inna ko, kakarmu, lahiyarta lau, tana daka."

Wasu suka yi murmushi, wasu suka share ido.

"Ba ta shiga ɗakin ba. Bayan ɗakin tat tahi ta zauna, ta jingina da bangon da shike kwance. Ita ka dama kunu, ta miƙo min ta ce, kai ma marar lahiyar can. In ya yi nishi sai in ga ta dahe bango. Haka har ya tashi. Ran da ya hito tsakar gida da ƙahwatai, ko kallonai ba ta yi ba, ta ɗauki ƙullinta tac ce ta tahi. Ni na raka ta. Muna hita gari, cikin gonar gero, sai ta ajiye ƙulli ta kai goshi ƙasa. Ta daɗe. Da ta ɗago tac ce, in kin hwaɗi ma wani sai na yanke miki kunne."

Dada ta taɓa kunnenta.

"To ga shi na hwaɗi. Kunnen ma ya riga ya mutu."

Hindu tana durƙushe, hawaye na zuba, amma kanta a ɗage yake. Tun da ta baro Gidan Goga ake kiranta 'yar gudun hijira, ake miƙo mata abu da hannun hagu. Yau a gaban Mafara an faɗi ko ita wace ce: ɗiyar wanda aka taka daga Mafara zuwa Dakko dominsa.

Malam Altine ya yi gyaran murya.

"Ni na daɗe ina zato, tun ina yaro cikin zauren ga. Amma liman ba shi shaidar abin da bai gani ba. Yau wadda ta gani ta hwaɗi. Alhaji Magaji, kai kak kawo ta. Kai kac ce abin da ta hwaɗi ka yarda, kas sa ni shaida. Ko ka janye?"

Magaji ya dubi samarinsa. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

"Ban janye ba," ya ce can ciki.

"To Labaran ɗan Malam Safa na, kuma shi na babba. Gidan ga ba a taɓa raba shi ba, kason Labaran na nan daidai da na Umaru. Hindu ba baƙuwa ba ta. Ba mai kai ta makaranta."

Guɗa ta tashi daga gindin katanga. Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Hindu, Labaran ya bar ɗa namiji?"

"Ya bari, Allah gafarta Malam. Ƙanena Surajo. Shina Maradun, shina noman gyaɗa."

Dattawan unguwa suka dubi juna. Ɗaya daga cikinsu ya jawo takalminsa.

Magaji ya matso, babbar rigar ta zame daga kafaɗa bai gyara ba.

"Yaya Hindu..."

"A'a, Alhaji, kada ka yi gaggawa. Bakinka bai saba ba, kada shi yi maka ciwo."

"Don Allah ki saurare ni. Kuskure ne, ban sani ba."

"Rashin sani ba laihi ba na, ana gaya ma mutum shi ji. Na gaya maka ran da niz zo, da jikokina a hannu, ƙahwahunmu na jini. Kac ce in kawo takarda. Ni ban ƙi ka ba, ɗan Baffana kake, ko ka so ko ba ka so ba. Ba ni korar ka, ba ni rushe maka ɗaki. Amma yau ka bar ni in ji daɗin ubana."

Ta juya.

"Na'ima, kwance ƙullin nan. Ki ɗora ma Dada ruwan zahi."

Direban da aka ajiye a waje ya leƙo ta zaure.

"Alhaji, rana na yi. Mutanen da za a kai ɗin fa? Ko tsohuwar zan fara maidawa?"

"Ba inda za ta," in ji Hindu. "Nan za ta kwana, gidan Gwaggonta."

Ta kama Dada ta ɗaga ta, suka nufi ɗaki a hankali, mata suka dare suka ba su hanya.

To masu karatu, ku taya ni lissafa wa Magaji abin da ya tafi da shi gida a ranar nan, shi da ya fito da safe yana ganin kansa mai unguwa.

Zauren baƙin da ya riga ya kira magina dominsa, babu. Rabin gidan da ya ɗauka nasa ne shi kaɗai ya fita daga hannunsa, kuma da bakinsa ya sa liman shaida. Babban ɗaki da yake taƙama da shi ya koma ƙarami. Surukansa suna zaune a tabarma aka yi masa dariyar nan, kuma kafin azahar matan unguwa sun kai labarin mahaucin har bakin kasuwa. Samarin da ke rakiyarsa suka zame ɗaya bayan ɗaya, aka bar shi tsaye a ƙarƙashin dogon yaro, shi da wayarsa a ƙasa.

Wannan duk ya sani, yana tsaye aka yi.

Wanda bai sani ba shi ne, dattijon nan da ya jawo takalminsa ba gida ya nufa ba. Tasha ya tafi. Yana cikin motar Maradun, da saƙon dattawan unguwa a bakinsa: a ce wa Surajo ya ajiye fartanya ya zo, ana son a gwada kansa da rawani.